In Babur Yana Juyawa Ya Ƙi Tashi, Fara da Buji

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke sauka Agadas da sanyi da hazo, ba a raba garejinmu da masu turo babur da sassafe. Maganarsu ɗaya ce: "Maigida, yana juyawa amma ya ƙi kamawa." Kafin su iso sun danna sitata har batir ya kwanta, sun bugi kik har gwiwa ta yi tsami, wani ma ya riga ya zuba kuɗi a sabon batir. Alhali in injin yana juyawa da ƙarfinsa, batir ya sauke nasa nauyin. Saura abu uku: wuta, mai, da matsin injin.

Da farko ɗaga yatsa daga sitata. Daƙiƙa 5 ta isa, a huta, a sake. Duba jan makunnin da ke hannun dama, wanda yara ke son wasa da shi in an ajiye babur a zaure. Duba famfon mai ko a rufe yake, ko lokacin juya shi zuwa rizab ya yi. Da yawa a nan ake rabuwa da su, ba dala ba sisi.

In duk wannan lafiya, kwance buji. Shi ne ke zaune cikin ɗakin da ake ƙona mai, don haka shi ke da labari. Mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin injin nesa da ramin, ka riƙe ta wajen roba, a buga kik. Wuta mai kyau shuɗiya ce, kana jin ƙararta tas-tas. In ja ce mai rauni, ko tana zuwa tana ɗaukewa, a cikin injin ba za ta kunna komai ba. Tazarar bakin buji a yawancin baburanmu tsakanin milimita 0.6 da 0.7 take. Kada a yi wannan gwaji inda mai ya zube, na ga wandon yaro ya kama da wuta a haka.

Sai ka dubi bakinsa. In ya jiƙe sharkaf yana warin mai, injin ya sha mai ya ƙoshi, galibi saboda an ja cok an manta, ko an yi ta murza totur ana danna sitata. Rufe famfo, kashe makulli, buga kik ƴan lokuta ramin yana buɗe don man ya fita, goge bujin ya bushe, ka mayar, ka buɗe famfo, ka kunna makulli, ka buɗe totur gaba ɗaya ba cok, ka buga. In baƙi ne ƙirin da kunkunniya, iska ce ba ta isa, soson iska ya toshe.

In kuwa a bushe yake ƙayau bayan duk wannan juyi, mai bai iso ba. Akwai ƙaramin ƙusa a gindin kabureta. Sassauta shi ka tari abin da ya zubo a cikin farar kwalba, ka ɗaga ta ga rana. Ruwa ya fi mai nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa, wani lokaci da ja-jan yashi a tare. Ban ga laifin masu sayar da mai a kwalba ba, wanda ya nufi Timiya ko Tabelot ya san ba kowane ƙauye ke da gidan mai ba. Amma man da ya kwana a duro ya koma jarka ya koma kwalba ya kwaso abin da ya kwaso, tace shi da kyalle mai tsabta ba ya cin minti biyu. In babu abin da ya zubo sam, buɗe murfin tanki. Ka ji ya yi "fuss"? Ɗan ramin numfashin murfin ne ƙura ta liƙe, tanki ya kasa sakin mai. Abin da nake roƙo, kada a soka allura ko waya a jet ɗin kabureta. Ramin ya faɗaɗa, babur ya koma shan mai har ƙarshen rayuwarsa. Da iska ake hure shi.

Babu wuta ko da sabon buji? Hula ce, ko bobin, ko CDI, ko wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe. Da damina, in an ratsa ruwan Telwa, yawanci hular ce kawai ta jiƙe. Sauran a kawo mana, ba aikin bakin hanya ba ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na uku, matsin injin. Wuta tana nan, mai yana nan, amma kik yana faɗuwa sakayau, ka toshe ramin buji da babban yatsa a buga, iskar ba ta iya ture shi. Wani lokaci bawul ne ya matse, a daidaita shi a wuce. Amma tun 2014, da aka buɗe zinariyar Jado da Cibarakaten, baburan da ke shigowa da wannan ciwo sun ƙaru, kuma in na buɗe akwatin iska sai in tarar wayam. Samari, har da ƴan kabu-kabu na cikin gari, suna cire soson wai don babur ya ƙara gudu. Ƙurar Ayar kuwa garin dutse ce, tana shiga ta riƙa cin ringi da bangon silinda kamar dutsen niƙa. Gyaransa sai an sauke kan injin, sabon fistin da ringi, wani lokaci har da silinda.

Soson roba ana wanke shi da kananzir ko ruwa da sabulu, a matse ba a murɗe ba, ya bushe sarai, a shafa masa ɗan baƙin mai. Na takarda ba a wanke shi, sauyawa ake yi. Mai aiki kullum a lokacin hazo ya duba nasa kowane mako. Wanda zai kama hanyar Arlit ko Ingal ya sa bujin ajiya da abin kwance shi da sukudireba a ƙarƙashin kujera, a naɗe cikin leda don kada ƙura ta riga shi.