Darasin Zane: Yadda Ake Haɗa Launi da Zafi

Mutanen Gaya sun san aikin wuta tun da daɗewa. Labarin kaka da kakanni ya ce maƙera ne daga Gaya suka je dutsen Dala neman tama, suka zauna a can. Har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Maƙeri ya san in wuta ta yi kaɗan ƙarfe ba ya lanƙwasa, in ta yi yawa aiki ya lalace. Haka abin yake ga mai zane da kala.

A azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyukan Gaya da Ajingi ana bukatar hotuna don koyon baƙi da wasali. Amma kwalin kala ƙarami ne, launinsa kaɗan ne, kuɗin sayen babba kuma babu. Zafi kaɗan yana magance wannan matsala.

Me ke cikin kala?

Kala iri biyu ce. Akwai kalar kaki, mai kama da guntun kyandir. Akwai kuma fensirin kala, mai jikin itace. Kalar kaki garin launi ne aka kwaɓa da kaki irin na kyandir, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur. Kamfanin da ke yin Crayola a Amurka ya fara sayar da irinta a shekarar 1903, guda 8 a kwali. Fensirin kala ma yana da kaki, amma kaɗan ne, shi ya sa ya fi tauri.

Fuskar takarda tana da ƙananan ramuka. In aka goga kala a sanyi, ba ta shiga ramukan, sai hoton ya fito da ɗigo-ɗigon fari. In kakin ya ji zafi sai ya yi laushi, ya cika ramukan, launi biyu su shige juna su ba da na uku.

Rawaya da shuɗi suna ba da kore.
Ja da rawaya suna ba da ruwan goro.
Ja da kore suna ba da ruwan ƙasa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A Fayum ta ƙasar Masar an tono hotunan fuskokin mutane da aka zana a kan katako da kakin zuma mai zafi. Sun kusa shekara 2,000, launinsu bai gushe ba.

Zafi nawa ake bukata?

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63. Kalar kaki kuwa tana fara laushi tun daga wajen digiri 40. A ƙasar Kano zafin watan Afrilu yakan kai haka. Ashe ba sai an hura babbar wuta ba.

Hanya ta ɗaya: rana

A ajiye farantin ƙarfe a rana da tsakar rana har ya ɗauki zafi. A kawo shi inuwa, a shimfiɗa takarda a kai. A goga launi mai haske tukuna, sa'an nan a bi da mai duhu. A naɗa tsumma a yatsa a murza inda suka haɗu.

Hanya ta biyu: tukunyar ruwan zafi

Wannan ta dace da lokacin hunturu da damina. A tafasa ruwa, a sauke tukunyar daga murhu, a rufe ta da faranti. A jira har mutum zai iya taɓa farantin bai ƙone ba, sa'an nan a ɗora takarda a yi zane. Fensirin kala ya fi son wannan hanya da ta ɗaya, don shi laushi kawai yake yi, ba ya narkewa.

Hanya ta uku: dutsen guga

A gama zanen da kalar kaki. A rufe shi da farar takarda. Kada a sa jarida, don tawadarta tana iya ɓata hoton. A ɗora dutsen guga na gawayi wanda ya fara hucewa, a ƙirga ɗaya zuwa biyar, a ɗaga. Kada a ja shi kamar ana gugar riga, launin zai tsallake layi.

Aikin gwaji

A yi katin baƙin G. A fara rubuta gero, gona, goro da Gaya da biro, don biro ba ya kamawa a kan kaki. A zana gonar gero da fensirin kala. A shafa rawaya a ganyen, a bi da shuɗi, a sa zafi. Kore zai fito. Katin da ya sha kaki ba ya saurin jiƙewa in ruwa ya ɗiga masa, zai daɗe yana yawo hannu zuwa hannu.

Guntayen kala ma ba a zubar da su. A tara su launi-launi a gwangwanin madara, a tsoma gindinsa a ruwan zafi. In sun narke a zuba a murfin kwalba su daskare.

Gargaɗi

1. Kaki yana kama wuta. Kada a ɗora shi kai tsaye a kan murhu ko aci-bal-bal.
2. In ya kama, kada a zuba ruwa, wutar za ta fantsama. A rufe da murfi ko a zuba yashi.
3. A yi nesa da danga, zana da rumbu, musamman in ana iskar hunturu.
4. Yara su yi ta rana kawai. Dutsen guga da ruwan zafi na manya ne.
5. A ware farantin zane daban da na abinci.
6. A adana kala a inuwa, kada ta narke a kwali.

Tambayoyi

1. Me ya sa hoto ke fitowa da ɗigon fari in an zana a sanyi?
2. Waɗanne launuka ne ke ba da kore?
3. Don me ake yin rubutu kafin a shafa kala?
4. Me za a yi in kaki ya kama wuta?