Darasi a Kan Horon Karen Farauta da Abin Wuya na Lantarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa Musulmi, ka sani farauta da kare halal ce. Allah Ya ambace ta a Suratul Ma'ida, aya ta 4, inda Ya halatta mana abin da dabbobin farauta suka kamo mana, da sharaɗin mun koyar da su, mun kuma ambaci sunan Allah. Lura da wannan sharaɗi na koyarwa, domin a kansa darasinmu yake. Karen da ba a hora ba, in ya kashe zomo ya kawo maka, mushe ya kawo, sai fa in ka riske shi da ransa ka yanka. Haka Annabi (S.A.W.) ya bayyana wa Abu Sa'alaba Al-Khushani, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ashe horon kare ba wasa ba ne, shi ne tsakanin nama da mushe.

To, tambayar ita ce: da me za a hore shi?

A ƙasar Amurka, tun shekarun 1960, mafarauta suke amfani da wani abin wuya mai aiki da batir. A cikinsa akwai 'yan ƙarafa biyu masu taɓa fatar wuyan kare. Mafarauci yana riƙe da rimot a hannu. In ya danna, sai lantarki ya ja karen, ko da kuwa yana can nesa cikin daji. Na farko-farkon ƙarfinsu ɗaya ne, kuma mai tsanani. Na yanzu, irin na kamfanonin Garmin da SportDOG da Dogtra, ana iya ragewa ana iya ƙarawa. Da yawansu kuma suna da wasu ayyuka ban da shokin: akwai mai yin ƙara, akwai mai girgiza kamar wayar hannu, akwai mai nuna maka inda karenka yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Kaya ne da yanzu ake sayarwa ta intanet, saboda haka duk mai kuɗi a hannu yana iya samu.

Kada ka yi gaggawar cewa bidi'a ce. Wannan ba ibada ba ce, kayan aiki ne, kamar linzami da akala, kuma asalin kayan aiki halacci ne. Ƙarar da ke kiran kare, da girgizar da ke jawo hankalinsa, da na'urar da ke hana shi ɓata a daji, babu laifi gare su. Maganarmu a kan maɓalli ɗaya take, watau wanda ke sa zafi.

Addininmu bai bar dabba a hannun mutum ya yi yadda ya ga dama ba. Ka san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Ka san na mutumin da Allah Ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (S.A.W.) ya ga jaki an yi masa lalas a fuska, sai ya la'anci wanda ya yi. Ko dabbar da za ka yanka, an umurce ka ka wasa wuƙa ka hutar da ita. Idan wadda za a yanka tana da wannan haƙƙi, ina ga wanda ke bin ka daji yana yi maka wahala? Malamai sun yarda da bugu kaɗan don ladabtar da abin hawa gwargwadon bukata. Abin da ya wuce bukata, zalunci ne.

Sai mu duba ko akwai bukatar. A jami'ar likitancin dabbobi ta Hannover a Jamus, an yi gwaji da karnuka 14 irin na farautar zomo, aka buga sakamakon a 2007. Kashi na farko, ana jansu da lantarki ne daidai lokacin da suka taɓa abin farautar. Waɗannan suka gane dalili, kuma da aka auna miyaunsu ba a ga alamar firgici mai yawa ba. Wani kashin kuwa ana jansu ne ba kan gado, ba su san laifinsu ba. Su ne firgicinsu ya fi tsanani. Yanzu ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: a tsakiyar farauta, ƙura ta tashi, kare ya shige duhuwa ba ka ganinsa, rai ya ɓaci, za ka iya danna maɓalli daidai ƙiftawar da ya yi kuskure? In ka makara kaɗan, wataƙila ya riga ya juyo yana dawowa gare ka, sai ka hukunta shi a kan ɗa'a.

Sa'an nan a jami'ar Lincoln ta Ingila, a 2014, aka gwada karnuka 63 masu ƙin amsa kira ko bin tumaki. Gaskiya karnukan gida ne, ba na farauta ba. Wasu aka hore su da lantarki, wasu da lada, watau ɗan nama da yabo. Na lantarkin ba su fi ba. Da aka sake nazarin hotunan gwajin a 2020, sai aka ga na ladan sun fi saurin amsa kira. Yankin Wales ya haramta wannan abin wuya a 2010, Holan a 2022, a Jamus ma kotun tarayya ta yanke hukuncin hana shi a 2006. Ba dokar Turawa ce hujjarmu ba. Amma abin kunya ne a ce wanda ba shi da hadisin kyanwa ya fi mu tsoron cutar da dabba.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. A kudancin Amurka ana amfani da shi don koya wa kare gudun maciji, a New Zealand kuma don hana karnukan farauta kashe tsuntsun kiwi da ke neman ƙarewa. Wannan zafi ne na ɗan lokaci, a hannun gwani, don kare rai. Irin wannan lalura ce, kuma lalura ana auna ta da gwargwadonta. Ba za ta zama izni ga malalaci ba, wanda ke son watanni na horo su koma kwana uku.

Akwai kuma wata mas'ala da nake so ka tsaya a kanta. Malaman fiƙihu sun ce horarren kare shi ne wanda in ka sake shi ya tafi, in ka tsawata masa ya tsaya. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad sun ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama, saboda hadisin Adiyyu bin Hatim, wanda ya nuna in ya ci to ana tsoron kansa ya kama wa. Imamu Malik bai sa wannan sharaɗi ba, amma hadisin Adiyyu yana cikin Bukhari da Muslim, kuma barin abin da kare ya ci ya fi kuɓuta. To, masu horon karnuka a Amurka da kansu sun san wata matsala: kare yakan gane cewa zafin daga abin wuyan yake. Yana wuyansa, ya yi ladabi. Ka cire, ya koma halinsa. Irin wannan kare, shin an koyar da shi ne, ko kuwa an ɗaure shi da igiyar da ba a gani? A fahimtata, kada ka amince da kamunsa sai ka gwada shi wuya sake, sau da yawa, ka ga yana tsayawa da muryarka kaɗai.

Tun da muna maganar wuyan kare, bari in taɓo abin da ya fi kusa da mu. Wasu mafarautanmu ba su san batir ba, amma suna rataya wa kare laya wai don baki ko don sa'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bashir Al-Ansari cewa Annabi (S.A.W.) ya aika a tsinke tsirkiyar da ake rataya wa raƙuma a wuya, Malik ya ce yana ganin saboda kambun baka ake rataya ta. Wancan abin wuya zalunci ake tsoro a cikinsa, wannan kuwa shirka. Haka nan farautar gayya, inda karnuka ke haɗuwa a kan nama ɗaya: in ka iske wani kare tare da naka, ba ka san wanda ya kashe ba, ba ka san ko an yi wa wancan bisimilla ba, kada ka ci, domin naka kaɗai ka yi wa.

Wanda ya riga ya sayi na'urar, ya yi aiki da ƙararta da girgizarta da mai nuna wuri. Ya fara horo a gida da doguwar igiya, kare yana ƙarami, yana ba shi lada duk sa'ad da ya amsa kira. Kada ya ba yaro rimot. Kada kuma ya bar abin a wuya dare da rana, domin 'yan ƙarafan suna cin fata har su yi gyambo. Masu ƙera shi da kansu suna gargaɗi a riƙa cirewa kullum, a duba wuyan, a wanke. Allah ne Mafi sani.