Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ke Yanke Hukunci Cikin Rashin Tabbas

Majiyyacin da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa ba ya iya jiran sakamakon ɗakin gwaje-gwaje, wanda kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Tilas likita ya ba da magani tun bai tabbatar da irin ƙwayar ba. Wannan matsala ce ta sa Edward Shortliffe na Jami'ar Stanford da ke Amurka ya ƙirƙiro wani tsarin kwamfuta mai suna MYCIN a shekarun 1970.

An ɗura wa tsarin ƙa'idoji kimanin 600 da aka samo daga bakin ƙwararrun likitoci. Kowane hukunci yana tafe da ma'aunin amincewa, daga -1, wato sam ba haka ba ne, zuwa +1, wato babu shakka. A wani gwaji da aka buga a 1979 kan cutar sanƙarau, shawarwarinsa sun yi kafaɗa da kafaɗa da na malaman likitanci, ko da yake ba a taɓa ɗaukarsa aiki a asibiti ba. Rauninsa kuwa shi ne hanyar haɗa lambobin nan ba ta da ƙwaƙƙwaran tushe a ilimin lissafi.

Tushen da ake bukata ya daɗe a ajiye. Shi ne ƙa'idar Thomas Bayes, wani limamin coci a Ingila, wadda aka bayyana a 1763, bayan rasuwarsa. Alal misali, a ƙaddara mutum 1,000, waɗanda 10 daga cikinsu ke da wata cuta. Gwaji ya gano 9 daga cikin 10 ɗin, amma ya yi kuskuren nuna cutar a jikin mutum 99 masu lafiya. Ke nan an nuna mutum 108, alhali 9 kaɗai ke da ita. Wanda gwajin ya nuna, yiwuwar yana da cutar ɗaya ce cikin 12 kacal. A nan hatta masu ilimi kan yi tuntuɓe, domin sukan dubi ingancin gwajin su manta da ƙarancin cutar a cikin jama'a.

Wahalar ita ce idan alamomi suka yi yawa, lissafin kan gagari kwamfuta. Judea Pearl ya sauƙaƙa shi a littafinsa na 1988, inda ya tsara sababi da alama kamar saƙar raga, kowace alama na ɗaure da abin da ke haddasa ta kaɗai. Da zarar gwajin jini ya tabbatar da cizon sauro a matsayin dalilin zazzaɓi, sai na'urar ta rage zaton taifot, ba tare da ta soke shi gaba ɗaya ba.